Hannun Manomin Auduga

Shekara shida na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a gefen Malumfashi kafin a tura ni kwas Kaduna. Aikina a lokacin bai wuce wankin gyambo da yin allura da ɗinke ƙafar wanda fartanya ta sara ba. Ba ni na nemi kwas ɗin ba. Takarda ce ta zo ana son nas guda ya je ya koyi kula da masu taɓin hankali, kowa ya noƙe, ni kuma da nake ƙaraminsu aka sa sunana. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ce, "Duk aikin duniya ka rasa na yi sai na mahaukata? To ka riƙa addu'a kafin ka shiga wurinsu."

Wanda ya koyar da mu wani tsohon likita ne Basudane, dogo, mai furfura, Hausarsa rabi Larabci. Da safe yakan fito da ƙwaƙwalwar mutum da aka jiƙa a cikin kwalba, ya nuna mana inda magana take fitowa, da inda tsoro yake tashi, da yadda jijiyoyi suke sauka ta gadon baya har zuwa kan yatsu. Da rana kuma sai ya koya mana abin da ban taɓa ɗauka karatu ba ne, wato sauraro. Yadda za ka zauna da mutum ka bar shi ya yi magana, ka lura da inda ya tsaya, da abin da ya tsallake, da mafarkin da ya faɗa yana dariya. Kuma ya sa mana doka: kowannenmu sai ya shiga ofishinsa sau ɗaya a mako ya zauna a kujerar marar lafiya, ya yi maganar kansa. Yakan ce wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, ba shi da hurumin leƙa na wani.

Na tsani wannan zaman. In na yi shiru shi ma sai ya yi shiru, ni kuwa ba na jure shiru, sai in yi ta zuba. Wata rana bayan na gama ba shi labarin yadda na ɗinke wani Bafulatani da sa ya soka, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai kana son mutane su warke, amma ka fi son su warke a hannunka." Na fito raina a ɓace, na kwana biyu ba na gaishe shi da kyau.

A watannin ƙarshe ya koya mana wata dabara da take da dogon suna a Turance, mu dai a tsakaninmu muna ce mata barcin farke. Za ka kwantar da hankalin mutum da murya kawai, har ya shiga wani hali da ba barci ba ne, ba kuma farke ba, yana jin ka yana amsawa, amma ƙofofin da yake tsarewa sun saki. Na ga ya yi wa wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa da i'ina mai tsanani, sai ga mutumin yana magana tiryan-tiryan. Tsigar jikina ta tashi. Likitan ya lura da yadda idona ya buɗe, ya gargaɗe mu duka amma ni yake kallo. Ya ce ba a yin wannan sai an yi watanni ana zama da mutum, har ya yarda da kai, kuma kada ka tono abin da ba za ka iya zama tare da mai shi ba bayan ya fito. Na rubuta maganar a littafina, na ja mata layi.

Na dawo gida a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Aka kwashe kwalaye daga wani ɗakin ajiya aka ba ni, na sa kujeru biyu da tebur. Masu farfaɗiya suna zuwa karɓar ƙwaya, nakan kuma ga waɗanda aka kawo a ɗaure. Amma don a zauna a yi magana, babu mai zuwa. Abokan aikina suka sa mini suna bokan Turai. In na wuce sai wani ya ce, "Malam, yau aljani nawa ka yi wa tambayoyi?" Ina dariya tare da su, amma abin yana ci na.

Ana cikin haka, auduga ta fara fashewa a gonaki, aka kawo mini wani manomi daga wani ƙauye kusa da Dayi. Ƙanensa ne ya goyo shi a babur. Dattijo ne da zai kai hamsin da ɗoriya, mai shanun noma biyu, ana kai audugarsa Funtua kowace shekara. Hannunsa na dama ya mutu wata huɗu. An yi masa rubutu, an yi turare, wanzami ya yi masa ƙaho, babu sauƙi. Likitanmu ya duba bai ga komai ba, shi ya sa ya turo shi ɗakina.

Na ɗauki allura na riƙa taɓa hannun. Yatsu ba ya ji, tafi ba ya ji, bayan hannu ba ya ji. Ina ƙetare wuyan hannu sai ya zabura. Na zagaya, na ga mutuwar ta tsaya daidai a wuyan hannu kamar an ja zare, kamar wanda ya sa safar hannu. Jijiya ba ta tafiya haka, na gani a zane, na gani a jikin gawa. Na san jijiyoyinsa lafiya lau suke, abin daga zuciya yake. Murna ta kama ni, domin wannan ne irin abin da aka koya mini, ga shi ya zo har ɗakina.

Na ce ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Sau uku muka zauna. Mutum ne mai natsuwa, ya ɗora mataccen hannun a cinya kamar wani abu da aka ba shi ajiya. Ya yi mini maganar taki, da tsutsar auduga, da sansa guda da ya fara tsufa. Da na tambaye shi ranar da abin ya fara, ya ce, "Ranar kasuwa ce, na shigo sayen bakin garma. Na koma gida na kwanta, na tashi na gan shi haka." Na ce, "A wurin wa ka saya, Baba?" Sai ya dubi taga ya ce hadari ya ƙi tafiya bana.

A zama na uku ƙanen ya tare ni a baranda, a gaban mutane. Ya ce, "Likita, mu fa hira muna da ita a gida. Ga auduga za ta zube a gona. In ba za a yi masa ko allura ba ne a gaya mana." Wani abokin aikina da ke wucewa ya ƙyalƙyale da dariya.

Mako na gaba na ce wa dattijon akwai wata hanya, zan sa shi ya huta kamar mai gyangyaɗi, in ya yarda. Ya ce, "Duk yadda ka gani, Likita." Na sa ya kafa ido a kan wani tabon fenti a bango. Na rage murya, na ce ya ga kansa yana bin kunya a gonarsa da sanyin safiya, taki ɗaya, taki biyu, kowane taki jikinsa yana ƙara nauyi. Ban kai ashirin ba idonsa ya rufe, kafaɗunsa suka sauka. Ban taɓa ganin wanda ya shiga da sauƙi haka ba.

Na ce, "Baba, ga ka a kasuwa, ka je sayen bakin garma. Wa ka gani?"

Ya yi magana a hankali, da wata murya ƙarama. Ya ce sabon shago ne, na wani saurayi Ibo mai sayar da kayan garma da na babur. Yana shiga yaron ya tsallako kanta ya ce, "Baba! Ba ka gane ni ba?" da Hausa tsantsa irin ta Funtua. Ashe da can dattijon ya zauna a Funtua yana awon auduga, kuma maƙwabcinsa katanga ɗaya wani Ibo ne mai sayar da yadi. Wannan saurayi ɗansa ne, a can Funtua aka haife shi, a gidan dattijon yake cin tuwon dare tare da yaransa. Yaron ya ƙi karɓar kuɗin bakin garma. Ya kama hannunsa na dama da hannu biyu ya yi ta girgizawa, ya ce, "Mama kullum tana cewa a duk unguwar nan ku ne kuka riƙe mu da amana."

A nan ya kamata in tsaya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Numfashinsa ya canza, gumi ya keto masa a goshi. Da na tashe shi, da na bar maganar ta zo da ƙafarta ko da bayan wata shida ne. Amma na ji na kusa, sai na ce, "Ina uban yaron?"

Ya ce lokacin rikicin da aka yi kafin yaƙin basasa ne. Maƙwabcin ya riga ya sa matarsa da yara a mota sun tafi kudu, shi ya tsaya ya tattara kaya. Da hantsi aka ji ihu daga bakin titi. Sai ga shi a guje, ya zo ƙofar zauren dattijon yana bugawa, yana cewa, "Maƙwabci, buɗe, ni ne."

"Me ka yi, Baba?"

"Na sa sakata."

"Sai me?"

"Sakatar ba ta da ƙarfi. Yana turawa, ina riƙe. Yarana suna ciki. An ce duk gidan da aka samu Ibo a ciki za a ƙone. Yana turawa, ina riƙe. Ina jin numfashinsa ta jikin ƙyaure. Har suka iso."

Ina kallo hannun nan da ya yi wata huɗu a mace ya tashi daga cinyarsa, yatsun suka dunƙule har jijiyoyi suka fito. Hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa, tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a rubutun nan, abin da na fara ji shi ne daɗi. Hannun nake kallo. Na ce masa in ya farka hannunsa zai yi aiki kamar da, na ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, ya buɗe ido.

Ya daɗe yana duban hannun, ya buɗe, ya rufe. Sannan ya dube ni ya ce, "Me na gaya maka?"

Na ce, "Ka faɗi abin da yake damunka, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya ɗauki hularsa da hannun dama ya sa, ya fita. Ina jin ƙanensa a baranda yana kabbara, yana kiran mutane su zo su gani. Kafin la'asar labari ya zaga asibiti, wanda ya yi mini dariya ya zo har ɗakina ya ba ni hannu. Mako bai zagayo ba sai ga layi a ƙofata, har da masu shanyewar jiki na gaske da ba abin da zan iya yi musu.

Dattijon bai dawo ba. Na aika, shiru. Bayan mako uku ƙanen ya zo mini da zabi biyu da ƙwaryar ƙwai. Na tambayi jikin Yaya, ya ce, "Hannu kam alhamdulillahi, har igiya yana tufkawa. Sai dai ya daina shiga mutane. Abinci sai an matsa masa. Matarsa ta ce ba ya runtsawa. Kasuwa ma ya ce ba zai ƙara zuwa ba. Ko maganin naka ne bai sake shi ba?"

Ranar Asabar na hau babur na tafi ƙauyen. Na same shi a gona, zaune a gindin ɗorawa, auduga ta fashe fari fat a gabansa ba a tsinka ba. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya amsa sallamata, ya matsa mini a kan buzu. Na fara yi masa bayani irin na littafi, cewa abin da ya fito gara da ya fito, cewa tsoro ne ya sa shi, cewa kowa a matsayinsa zai iya yin haka. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Likita, kai a ganinka mantawa na yi? Ko kwana ɗaya ban manta ba. Amma ban taɓa jin maganar da kunnena ba sai a ɗakinka. Ko matata ba ta sani ba, tana cikin ɗaka da yara a ranar."



Ya ce, "Da hannun nan yake a mace, ina barci. Na ce hukuncina ne ya zo tun a duniya, na karɓa, na gode wa Allah. Kai kuma ka zo ka ɗauke." Ya juya hannun yana dubawa. "Ka tambaye ni ko na yarda ka sa ni gyangyaɗi, na ce na yarda. Ba ka tambaye ni ko na yarda ka shiga can ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ni wa ye da zan hana wani yafiya?" Daga nan ya tambaye ni hanya, ko gadar da ke kafin Dayi ta gyaru.

Na nemi hutun kwana biyu na tafi Kaduna wurin malamina. Na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ya ce, "Sau nawa ka zauna da shi kafin ka yi?" Na ce uku. Ya cire tabarau ya goge. Na so ya yi mini faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Ka fasa masa abin da yake dogarawa, ba ka ba shi wani ba. Yanzu ka koma. Kada ka je da dabara, kada ka je da bayani. In ya bar ka ka zauna, ka zauna. In ya kore ka, ka tafi, ka dawo wani makon." Na ce, "Zai warke?" Ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Kai ma ka koyi zama da rashin sani."

Haka na riƙa zuwa duk Asabar, tun ana kaka har aka yi shuka. Bai taɓa korata ba. Yawanci ba ma cewa komai, sai in taya shi ɓarar gyaɗa ko in riƙe masa igiya. Na kai masa ƙwayar barci, ya karɓa don kunya, na san bai sha ba. Wani lokaci sai ya yi magana ba tare da na tambaya ba. Ya gaya mini maƙwabcin ne ya ba shi yadin da aka yi wa ɗansa na fari rigar suna. Ya gaya mini da ya buɗe ƙofa da yamma ya tarar da takalmin maƙwabcin ƙafa ɗaya a bakin zaure, ya rasa yadda zai yi da shi, ya jefa a rijiya. Ya ce saboda haka ya bar Funtua ya dawo noma.

Sau da yawa yakan tambaye ni, "In gaya wa yaron?" Ban san amsa ba. Na ce shi me yake gani. Ya ce ya je wurin wani malami ya yi tambaya a kaikaice, malamin ya ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Ya ce, "To mai shi ba ya nan. In na gaya wa ɗan, na sauke a kansa. Yana zaune lafiya da tunanin akwai mutum ɗaya da bai ci amanarsu ba. In karɓe masa wannan kuma?"

Sau ɗaya ya gwada. Ya ce in raka shi, muka shigo gari ranar kasuwa, na tsaya a tsallaken titi. Na ga saurayin ya fito da gudu, ya ba shi kujerarsa, ya buɗe masa lemon kwalba. Dattijon ya zauna kamar minti goma, kwalbar a hannunsa bai kai baki ba. Sannan ya tashi, suka yi sallama. Da ya tsallako bai dube ni ba, ya ce, "Mu tafi."

Da damina ta kama ya sayar da shanun, ya bar wa ƙanensa gonar, ya koma wurin babbar 'yarsa da take aure a wani ƙauye bayan Danja. Hanyar ba ta biyuwa da ruwa, zuwana ya ragu, daga baya ya tsaya. Ba zan ce hanya ce kaɗai ba. Layin ƙofata ma ya watse da mutane suka ga ban ƙara yin abin mamaki ba, na koma ba da ƙwaya da zama da waɗanda suka yarda su zauna. A sauran shekarun aikina ban yi barcin farke ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowane sai na yi wata da watanni ina jinkiri.

Bayan shekara biyu ƙanen ya aiko mini cewa Yaya ya rasu, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na je gaisuwa ranar uku. Ina zaune a tabarma sai ga saurayin nan mai shago, ya zo a motar haya, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe da dattawa yadda ake yi. Ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Kai ne likitan da ya warkar masa da hannu ko? Allah ya saka maka." Na ce amin. Ya ce, "Baba mutumin kirki ne. Irinsu sun yi ƙaranci." Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Da aka shafa fatiha ya tambaye ni ko gari zan koma, don motar da ta kawo shi ta wuce. Na goyo shi. Tun daga Danja yake ba ni labari a kunne, yana ɗaga murya saboda iska: yadda suke satar mangwaro da 'ya'yan marigayin, yadda matar marigayin take ɗebar masa tuwo fiye da na kowa, yadda a kudu yara suke tsokanarsa don yana mafarki da Hausa. Ya ce mahaifinsa ba a taɓa sanin inda ya faɗi ba, wasu sun ce a tasha ne, wasu sun ce a hanya. Ya ce ya so ya tambayi Baba ko ya ji wani abu, amma ya ga tsoho ne, bai so ya tayar masa da hankali.

Na ce masa ya riƙe da kyau, akwai ramuka a gaba. Na sauke shi a ƙofar shagonsa ana kiran la'asar. Ya ce in babur ɗina ya nemi wani abu in zo wurinsa, zai yi mini ragi. Na ce to, na wuce asibiti.